Zanen Yatsa Ba Sirri Ba Ne

Duk lokacin da mutum ya nemi shiga kwamfuta ko asusunsa na banki, tambaya biyu na'ura take yi masa: wane ne kai, kuma ina shaidarka? Amsar farko da'awa ce kawai, domin kowa na iya faɗin suna. Ta biyu ita ce tantancewa, kuma da ita ake ɗora wa mutum alhakin abin da aka aikata, tunda na'ura tana rubuta kowane aiki da sunan wanda ta amince da shi.

A fannin nazarin halittu, zanen yatsa shaida ce mai ƙarfi. Layukan suna fitowa tun jariri yana ciki, wajen wata na uku zuwa na huɗu, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya nasu ya bambanta. Sai dai ɗalibai su lura, kullum muna barin wannan zane a jikin kofi da marfin ƙofa. A 2002 Tsutomu Matsumoto, wani masani a Yokohama ta ƙasar Japan, ya ƙera yatsun bogi da irin danƙon da ake yin alewa, ya yaudari na'urori da dama. A 2015 kuma aka sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka.

Wanda aka sace wa kalmar sirri yana iya sauya ta nan take. Yatsu kuwa goma ne, ba a sake su, kuma duk ɓarnar da ɓarawo ya yi da kwafin, sunan mai yatsan za a gani. Shi ya sa masana suke son a haɗa zanen da lambar sirri.