DUTSE: GARIN DA MA'AIKATA SUKA ZO WA DOLE, YANZU WASU KE ZAƁARSA

Ran 27 ga watan Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta kuma sa Dutse ya zama hedkwatarta. A lokacin nan Dutse ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, an fi saninsa da dabino da kuma tsohuwar unguwar Garu inda fadar Sarki take. Ma'aikatan da aka taso daga Kano sun iske babu isassun ofisoshi, babu gidajen kwana, saboda haka da yawansu suka bar iyalinsu a birni, su zo aiki ran Litinin, ran Juma'a kuwa tun kafin la'asar sun kama hanya.

Wannan hali ya daɗe yana cin garin. Dalili kuwa, albashin da aka karɓa a Dutse a kasuwannin Kano ake kashe shi. Mai shago da mai gidan haya da tela duk ba su amfana sosai ba, gari ya yi ta cika da rana yana watsewa ƙarshen mako, sai ka ce sansanin aiki.

Sannu a hankali al'amari ya sake. An gina sakatariya da rukunonin gidajen ma'aikata, aka shimfiɗa tituna masu faɗi, musamman tsakanin 2007 da 2015, zamanin Gwamna Sule Lamido. Cikin 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a garin, cikin 2014 kuma aka buɗe filin jirgin sama, wanda alhazan jihar suka fara tashi daga cikinsa. Jami'ar nan ita ce ta fi kome jawo baƙi, domin malami da ɗalibi zama suke yi na shekaru, kuma bayansu masu sayar da abinci da littattafai, da magina, da masu gyaran babura suka biyo.

Abin da ke jan hankalin magidanci zuwa irin wannan gari a fili yake. Na farko dai shi ne muhalli. Kuɗin da zai kama wa mutum ɗaki biyu cikin lungun birnin Kano yakan iya samar masa gida mai tsakar gida a bayan garin Dutse, kuma ƙaramin ma'aikaci yana iya sa ran sayen fili ya gina nasa kafin ya yi ritaya. Na biyu shi ne lokaci. Wanda ya saba ɓata sa'a guda cikin cunkoson motoci kafin ya isa ofis, a nan cikin 'yan mintoci ya isa, har ya koma gida cin abincin rana. Na uku kuwa gona ce. Ma'aikaci da yawa suna haɗa aikin gwamnati da noman gero da dawa da riɗi, kuma ga kasuwar hatsi ta Shuwarin kusa da gari, ga ta dabbobi a Maigatari kowace Alhamis. Har wa yau Kano ba ta yi nisa ba, kimanin kilomita 100 ne ta Wudil, watau mutum bai rabu da danginsa ba.

Amma fa kada mai niyyar ƙaura ya ɗauka babu wahala. Yawancin aikin albashi a Dutse na gwamnati ne, masana'antu ba su da yawa, don haka kasuwa takan yi sanyi in wata ya yi nisa. Ɗan kasuwar da ya saba da cinikin Kantin Kwari lalle sai ya yi haƙuri. Zafin bazara ma ba na wasa ba ne. Wanda zai zo, gara ya zo da aiki a hannu ko sana'ar da gari ke bukata, ya fara kama haya shekara guda ya ga kamun ludayin wurin kafin ya sayar da abin da ya mallaka a birni.

Babban abin lura shi ne, moriyar ƙaramin gari ba ta samuwa ga mai ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Wanda ya bar iyali a Kano yana riƙe da tukunya biyu, yana biyan haya biyu, ga kuɗin mota kowane mako, ga hatsarin hanya. Wanda ya kwaso iyalinsa, ya sa 'ya'yansa a makarantar unguwa, ya riƙa halartar suna da jana'izar maƙwabta, shi ne yake sanin daɗin wurin, shi ne kuma garin ke ƙaruwa da shi.

Saboda haka nauyi yana kan hukuma ta ci gaba da kyautata ruwan sha da makarantu da asibitoci, domin su ne abubuwan da uwargida ke tambaya kafin ta yarda ta ɗaure kayanta. In ta yarda, to, gari ya sami mazauni na gaskiya.