Sa'ad da Ciwon Daji Ya Kai Ƙwaƙwalwar Mahaifi ko Mahaifiya

Yau maganarmu mai nauyi ce. Akwai waɗanda su ka daɗe suna jinyar iyaye da ciwon daji, watau sankara, sai ran nan likita ya ce ciwon ya kai ƙwaƙwalwa da ruwan laka. Mene ne ma'anar wannan?

Ku sani, ƙwaƙwalwa da lakar baya suna kwance cikin wani ruwa garau, tantani ya lulluɓe su. Ruwan ba shi da yawa, wajen mililita 150 ne a jikin babba. Amma jiki yana sabunta shi kullum, yana yin kamar mililita 500 a yini, watau ledar ruwa guda irin wadda a ke sayarwa a tasha. Ƙwayoyin ciwon daji sukan taso daga inda su ka fara, yawanci nono ko huhu, su bi jini su faɗa cikin ruwan nan. Idan ƙari guda ne a wuri guda, wani lokaci likita ya iya yanke shi. Amma wanda ya shiga ruwa ya bazu kamar gari cikin ƙwarya, ba wuƙar da za ta tsince shi.

Alamunsa su ne ciwon kai mai naci, da amai, da ganin abu ɗaya ya zama biyu, da mutuwar ƙafafu, da riƙewar fitsari, da jijjiga kamar farfaɗiya. Likitoci sukan tabbatar da shi da hoton da a ke kira MRI, ko su ɗebi ruwan kaɗan da allura daga baya.

Ga gaskiyar da ba ta da daɗin ji. Idan ciwo ya kai nan, da wuya ƙwarai ya warke. In ba a yi magani ba, yawanci makonni ne su ka rage. In an yi, sau da yawa watanni kaɗan ne, ko da ya ke wasu sukan daɗe fiye da haka. Maganin yana rage azaba ne, ya ƙara kwana kaɗan. Akwai gashi da haske na inji, wanda a ke yi a Korle Bu a Akra tun 1997, da asibitin Komfo Anokye a Kumasi tun 2004. Daga Bawku zuwa Kumasi kuwa ya fi kilomita 600. Saboda haka, kafin ka sayar da shago, ko ka taɓa jarin goronka, ka tambayi likita a Tamale ko a asibitin garinku tambaya guda, a fili: tafiyan nan me za ta ƙara wa tsohuwa? Wani tafiya za ta amfane shi. Wani kuwa wahalar mota ce kawai. Ɗan da ya ajiye uwarsa a gida bisa shawarar likita bai yashe ta ba. Ka kuma tafi da katin inshorar lafiya, gama tsarin da aka kafa a 2003 yana ɗaukar wani sashe na jinyar ciwon dajin nono da na bakin mahaifa.

To, ga abin da ya fi ƙona zuciya. Uban da ya yi maka tarbiyya, mai kunya, mai kawaici, yau ya zage ka gaban baƙi, ko ya kira ka da sunan ƙaninsa da ya rasu tuntuni. Maƙwabta za su ce sammu ne, ko iska, har a fara zargin kishiya ko abokin ciniki. Kada ku yarda gida ya rabu a kan wannan. Ruwan ne ya cushe, yana danne ƙwaƙwalwa. Kada ka yi gardama da shi. Idan ya ce yau kasuwa ta ci zai fita, ka ce, "To Baba, bari rana ta yi sanyi." Ciwon kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, jikoki su shigo su gaishe shi.

Akwai ƙwayar da a ke kira deksametason, tana rage kumburi, har mara lafiya ya farfaɗo kwana kaɗan ya yi taɗi. Kada a tsayar da ita farat ɗaya sai da izinin likita. Akwai kuma mofin don zafin ciwo. Mutane suna tsoronsa, suna cewa shi ke ƙarasa mutum. Ba haka ba ne in an bi awon da likita ya ba da. A ba shi kan lokaci, kada a jira sai ya yi kururuwa. Yakan ɗaure ciki, sai a roƙi maganin wannan tun farko.

In jijjiga ta kama shi, ku kwantar da shi a gefe guda, kada a cusa cokali a bakinsa. In ta wuce minti 5, a kai shi asibiti. Ku riƙa juya shi kowane awa 2 domin kada gyambo ya fito. Sa'ad da haɗiya ta gagara, kada a ɗura masa koko, gama yakan bi hanyar numfashi ya shiga huhu. Jiƙa leɓe da tsumma mai tsabta ya isa.

Kada kuma a bar wa 'ya mace guda dukan jinya, ta rufe teburinta a kasuwa, ta kwana zaune wata biyu. A raba kwanaki. Wanda ke Kumasi ko Legas, in bai iya zuwa ba, ya aiko da kuɗin magani.

Ran da hankalinsa ya dawo, kada a ɓata shi da zancen banza. Ku tambaye shi bashin da ke kansa, da wanda ya ke bi, da ajiyar mutane da ke hannunsa, a rubuta gaban shaidu. Ku nemi gafara, shi ma ya yafe. Ko bayan ya daina amsawa, ku ci gaba da yi masa magana a hankali kusa da kunne, gama sau da yawa ji yakan daɗe bayan baki ya rufe.