A karkara, gidan ma'aikaci ake fara dubawa kafin a saurari maganarsa

A ƙauyukan Maraɗi, Damagaram da Tawa, ma'aikacin jin daɗin jama'a ba ya rabuwa da aikinsa don ya tashi daga ofis. Kasuwa ɗaya yake ci da mutanen da yake yi wa aiki, rijiya ɗaya iyalinsa ke ɗibar ruwa da su. Shi ya sa kafin a karɓi shawararsa a kan awon ciki, tazarar haihuwa ko karatun ƴa mace, sai an duba yadda yake tafiyar da nasa gidan.

A kan wannan ne aka gina shirin Makarantar Mazaje, wanda aka fara a jihar Damagaram a shekarar 2008 da tallafin asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba takardar shaidar karatu ake nema wajen shiga ba. Dole mutum ya kasance magidanci mai shekara 25 ko fiye, wanda matarsa ke zuwa likita, kuma aka shaide shi da zaman lafiya a gida. Dalili a fili yake: magidancin da ya hana matarsa awo ba shi da bakin ce wa maƙwabcinsa ya bar tasa ta je.

Haka abin yake wajen yaƙi da tamowa. A tsarin da ake kira "maman lumiyar", uwar da ƴaƴanta ke cikin ƙoshin lafiya duk da talauci ita ke koya wa sauran mata haɗa kunun gero da wake, gujiya ko zogale. Ƴaƴan nata su ne shaidarta.

Sai dai kusancin da ke jawo yarda shi ne kuma ke ɗaure hannu. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi ce a gaba. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ƴa mace mai karatu. Amma idan uban da ke shirin cire ɗiyarsa daga lakwal kawun ma'aikaci ne ko surukinsa, kai maganar gaban maigari na iya raba zumunci, yin shiru kuma na iya raba yarinyar da karatu har abada.

Baƙon ma'aikaci ma da tasa matsalar. Budurwar da aka turo daga Yamai, komai yawan takardunta, takan sha tambayar yadda za ta yi maganar haihuwa alhali ko aure ba ta yi ba. Masu dabara daga cikinsu sukan nemi ungozoma ko wata dattijuwa ta shige musu gaba.

Akwai kuma batun cin abinci. Yawancin masu faɗakarwa a ƙauye ƴan sa kai ne, manoma kamar kowa. Da damina ta faɗi gona ke jiransu, bayan girbi kuma wasu na bin hanyar ci-rani zuwa Najeriya, Libiya ko Aljeriya.

A nan ƴan ci-rani ke da tasu rawar. A gidaje da yawa mace ba ta zuwa likita sai da izinin mijinta, ko da yana wata ƙasa. Idan ya bar wa iyayensa magana bayyananna tun kafin naƙuda, ya kuma ware kuɗin mota, ya sauƙaƙa wa ma'aikacin da zai buga ƙofar gidan cikin dare, ya kuma rage wa matarsa jiran da kan zama sanadin rasa rai.