Amsar Wasiƙunku: Zanen Bango, Ado Ne Ko Ɓarna?

Wani manomi daga Ɗambatta ya aiko da tambaya: zane da rubuce-rubucen da yake gani a bangaye in ya shiga birni, ina asalinsu?

To malam, irin na fentin feshi ɗin nan daga Amurka ya bazu. Wajen 1970 samarin birnin Niyok suka riƙa rubuta laƙabinsu a jikin jiragen ƙasa, hukuma ta yi ta fama da gogewa har 1989.

Amma ƙawata bango ba baƙonmu ba ne. Dubi tsofaffin gidajen Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram. Magina kan zana dagi a fuskar zaure tun yaɓe yana ɗanye, su shafe da makuba, wadda ake yi da kwasfar ɗorawa, don kada ruwa ya ci.

Bambancin dai shi ne, magini da izinin mai gida yake yi, a kuma biya shi. Saboda haka in ɗanka yana da baiwar zane, kada ka kore shi. Kai shi wurin mai rubuta allon shago ko mai fentin manyan motoci ya koya, sana'a ce mai ci da gida. Bangon wani kuwa, sai da yardarsa.