Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Talabijin da Abincin Bakin Titi

Ya ku malamai da fatake masu karanta wannan shafi, ku sani a zamanin nan an sami wani irin shiri a talabijin wanda jama'a ke so ƙwarai, watau shirin abinci. Masu yinsa sukan ɗauki na'urorinsu su tafi wani birni mai nisa, su ɗauko hoton masu tuya da masu gashi a bakin titi, su kawo wa mutum har cikin ɗakinsa. In an gama, sai mai kallo ya tashi yana jin ya san abin da mutanen birnin nan suke ci. To, abin da muke so mu bincika yau shi ne, shin wannan sani ya inganta, ko kuwa hangen Dala ne, wanda magabata suka ce ba shiga birni ba ne?

Za mu auna maganar da birni guda, shi ne Bankok, babban birnin ƙasar Tailan. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga 'yan kasuwa, domin shinkafarta ta daɗe tana shigowa kasuwanninmu, kuma fatake daga Afirka sukan je sarin tufafi a wata unguwa tata da ake kira Pratunam. Bankok kuwa ta yi suna a duniya wajen abincin bakin titi, har baƙi sukan niƙa gari su je don shi kaɗai.

A watan Afrilu na 2019, kamfanin Netflix na Amurka, mai nuna fina-finai ta intanet, ya fito da wani shiri mai suna Street Food, ma'anarsa abincin titi. An kasa shi kashi 9, kowane kashi da birninsa a nahiyar Asiya, kowanne kuma tsawonsa wajen rabin sa'a. Kashin farko na Bankok ne. An nuna masu abinci kaɗan a cikinsa, amma mafi yawan lokacin ya tafi ga tsohuwa guda, wadda a sa'an nan ta haura shekara 70. Sunanta Supinya Junsuta, amma duniya ta fi saninta da laƙabinta, Jay Fai.

Labarinta abin ji ne, ba kuwa ƙage a cikinsa. Da fari ɗinki take yi, sai gobara ta cinye mata kayan sana'a, ta koma girki. Shagonta yana kan titin Maha Chai a tsohon gari. Ita da kanta ke tsayawa gaban kasko bisa wutar gawayi, ta ɗaura wani babban tabarau don kada mai ya fantsar mata a ido, ba ta kuma yarda wani ya dafa a madadinta. Abin da ta fi shahara da shi wainar ƙwai ce, wadda ake cusa wa naman ƙaguwa har ta kumbura. Duk wanda ya ga hoton tsohuwar nan cikin harshen wuta, lalle ya girmama ta.

Amma ga inda ɗan kasuwa zai tsaya ya yi lissafi. A lokacin da aka yi shirin, wainar nan kuɗinta wajen bat 1,000 ne, bat kuwa shi ne kuɗin ƙasar. A daidai wannan lokaci, mafi ƙarancin ladan da doka ta yanke wa lebura a Bankok bat 325 ne a yini. Ashe ke nan sai lebura ya yi aikin kwana 3 cur, bai ci bai sha ba, kafin ya iya sayen waina guda. Kwanon abincin da talakan garin ke saye a titi kuwa, a wancan lokaci bat 40 ne ko 50. Da kuɗin wainar nan ɗaya sai a ciyar da mutum 20. Saboda haka abincin da duniya ta gani ta ce shi ne abincin titin Bankok, mafi yawan masu cin abinci a titin Bankok ba su taɓa kai shi baka ba.

To, mene ne abincin nasu? Da asuba mata sukan kafa tukwanen fate-faten shinkafa, masu sammakon aiki su sha su wuce. Da rana akwai masu shinkafa da miya: an jera miya iri-iri cikin faranti tun safe, mai saye ya nuna da yatsa, a zuba masa. Akwai masu taliya a romo, da masu gasa kaza su haɗa da shinkafa mai danƙo, da masu daka ɗanyar gwanda a turmi da barkono da lemun tsami. Waɗannan na ƙarshe galibinsu 'yan ci-rani ne daga Isan, yankin arewa maso gabas na ƙasar, inda talauci ya fi yawa. Akwai kuma Musulmi masu sayar da dafa-dukar shinkafa da kaza da tsire. Masu saye su ne 'yan acaɓa, da magina, da akawuna, da 'yan makaranta. Da yawa cikinsu ɗakin haya suke zaune wanda ba shi da madafi, don haka sai su sa a ƙulla musu a leda su kai gida. Titin shi ne madafin garin. Kuma shi ne mafakar wanda aiki ya kuɓuce masa: da tattalin arzikin ƙasar ya karye a 1997, mutane da yawa da aka sallama daga aiki tallan abinci suka koma.

Mai karatu zai ce, to me ya hana masu shirin su nuna wannan? Dalilan a fili suke, kuma ba sai an tuhumi kowa da ƙarya ba. Na farko, akwatin talabijin ba ya ɗaukar ƙanshi, ba ya ɗaukar ɗanɗano, ido kaɗai yake ciyarwa. Ala tilas ya nemi abin da ke da wuta da hayaƙi da launi. Fate-faten asuba, kome daɗinsa, a hoto fari ne fat cikin kwano, ba ya tsayar da mai kallo. Na biyu, shirin yana bukatar mutum guda mai labari mai taɓa zuciya, wanda ya sha wuya ya kai ga nasara, domin ba a iya ba da labarin mutum dubu cikin rabin sa'a. Na uku, masu shirin baƙi ne, kwanaki kaɗan suke yi, sai su dogara ga 'yan gari masu yi musu jagora, jagora kuwa yakan kai baƙo wurin da ya riga ya yi suna. Na huɗu, an yi shirin ne don masu kallo na wasu ƙasashe, waɗanda abin mamaki suke nema, abin yau da kullum ba ya burge su.

Dalili na uku ya tabbata ga Jay Fai. Tun kafin Netflix ta zo ta riga ta shahara. Akwai wani kamfanin tayar mota na Faransa, Michelin, wanda tun 1900 yake buga littafin jagora ga matafiya, daga baya ya shiga ba gidajen abinci lambar yabo da ake kira tauraro. A watan Disamba na 2017 ya ba ta tauraro guda, ita kaɗai cikin masu abincin titi na Bankok a wannan karo. Nan da nan layi ya miƙe a ƙofarta, mutane suna jiran sa'o'i, waɗansu ma hoto kurum suka zo ɗauka. Ba a daɗe ba jaridu suka ruwaito tana cewa da ana mayar da tauraron, da ta mayar. Sa'an nan talabijin ta zo ta ƙara wa wutar itace. A nan akwai abin lura ga mai hankali: hoto ba ya barin abin da ya ɗauka yadda ya same shi. Da zarar an nuna shago, sai baƙi su cika shi, maƙwabta da suka saba ci a nan su ja da baya, mai zuwa bayan shekara ya tarar da wani wuri dabam.

Babban al'amarin da ya sami masu abincin titi a Bankok cikin shekarun nan kuwa, ba a kasko ya faru ba. Bayan soja sun karɓi mulkin ƙasar a 2014, hukumar birnin ta tashi haiƙan wajen korar masu talla daga gefen titi, tana cewa za ta mayar wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu. Dubban masu sana'a suka rasa wuraren da suka shekara suna zama. A watan Afrilu na 2017 wani mashawarcin gwamnan birnin ya ba da sanarwa cewa za a share su daga gundumomi 50 na birnin duka. Da duniya ta yi ca, sai hukuma ta sassauta magana, ta ce za a bar wurare irin su Yaowarat, unguwar Sinawa, da titin Khao San. Waɗannan kuwa su ne wuraren da baƙi masu yawon buɗe ido suka fi zuwa. Watau inda ake ɗaukar hoto ya tsira, inda lebura ke karya kumallo shi ya sha kora. Irin wannan labari, na takardar izini da kuɗin wuri da mai tura amalanke yana gudun ma'aikatan hukuma, in ma shirin abinci ya taɓo shi, a gurguje ne, domin ba shi aka zo kallo ba.

Kada a ce a Bankok kaɗai aka yi haka, bari mu kawo shaida ta biyu daga cikin shirin nan dai. Kashinsa na ƙarshe an yi shi a Cebu, wani birni na ƙasar Filifin. Can ma an kafa labari kan dattijo guda, mai dafa farfesun wani kifin teku mai kama da maciji, a wani garin masunta da ake kira Cordova, wajen birnin. Da shirin ya fito, sai wani sanannen mai shirya fina-finai na ƙasar, Erik Matti, ya soki abin, yana ganin an zaɓi baƙon abinci wanda yawancin mutanen ƙasar ba su sani ba, an kuma mai da talauci abin kallo. Waɗansu mutanen Cebu suka mayar masa da martani, suka ce ai wannan cimar talakawansu ce ta haƙiƙa, rashin sani ne nasa. Ku duba fa, 'yan ƙasa ɗaya sun kasa daidaitawa a kan abin da ya cancanci a kira abincin garin. Ina ga baƙo mai kwana kaɗan da rabin sa'a?

Duk da haka adalci ya wajaba. Shirye-shiryen nan suna da fa'ida wadda ba ta musuntuwa. Sun ɗaga darajar sana'ar da aka saba rainawa, sun nuna mai tuya a bakin hanya gwani ne kamar kowane gwani, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyon abu guda har ya naƙalce shi. Sun sa an san sunan tsofaffin da da sai su mutu ba wanda ya ji labarinsu bayan unguwarsu. Waɗansu sun sami ciniki sun biya bashi, sun sa 'ya'ya a makaranta. Abin da suka nuna gaskiya ne. Illar tana wurin mai kallo, in ya ɗauki yanki ya mai da shi duka.

Malamai sun san wanda ya karanta babi guda ba a cewa ya sauke littafi, kome kyan babin. Sun kuma san ba a karɓar labari sai an dubi wanda ya kawo shi, da hanyar da ya biyo. Fatake su ma sun san ba a sayen buhu don abin da aka gani a bakinsa, sai an zura hannu an ɗebo na ciki. An ce gani ya kori ji, gaskiya ne, amma ganin talabijin da idon wani ake yinsa. Wani ne ya zaɓi inda za a duba, ya yanke abin da ya ga dama, ya bar abin da ya ga dama. Saboda haka hukuncinsa hukuncin labari ne, sai an bincika.

In kun zauna kallon irin wannan shiri, ku riƙe tambayoyi kaɗan. Nawa ne kuɗin abincin, kuma nawa lebura ke samu a yini a garin? Su wa ke tsaye a layi, 'yan gari ne ko baƙi masu rataye da kyamara? Da wane lokaci aka ɗauki hoton, an nuna asuba ko kuwa daren fitilu kaɗai? Mai sana'ar yana da tabbacin wurin zamansa gobe? In shirin ya amsa waɗannan, ya shiga birni. In bai amsa ba, a ji daɗin kallo, amma a san daga nesa aka hango.

Wanda fatauci ya kai shi Bankok kuwa, shawararmu gare shi ya bar dogon layin masu hoto, ya dubi inda 'yan acaɓa da 'yan dako suka yi cincirindo da hantsi, nan ne abinci mai araha wanda bai kwana ba. Ya kuma yi tambaya kafin ya ci, domin naman alade ya yawaita a girkin ƙasar, masu abinci Musulmi kuwa sukan sa alamar halal a rumfunansu. Abin da mai dako ya ci ya ƙoshi da bat 50, shi ne ainihin abincin titin garin, ko an nuna shi a talabijin ko ba a nuna ba.

Iyakar bayani ke nan.