Tsohuwar Mota: A Bar Ta Yadda Ta Fito, Ko A Sauya Mata Kayan Ciki?

Motar farko da na saya da kuɗin aljihuna ta girme ni. A-kori-kura ce ƙirar Ford F-100 ta shekarar 1971, na same ta a lokacin da nake karatun digiri na uku a jihar Mishigan ta ƙasar Amurka. Ba sha'awa ce ta kai ni gare ta ba, aljihun ɗalibi ne. Giyarta uku ce a jikin sitiyari, injinta mai silinda shida a jere, tankin manta kuwa yana cikin ɗakin direba, a bayan kujera, ta yadda duk kwanar da na sha sai na ji fetur yana kaɗawa daf da bayana.

Wannan mota ce ta haɗa ni da maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar ƙera motoci. Shekara guda muna gaisawa daga nesa, amma ranar da ya ga na buɗe bonet ina kallon kafireta kamar mai duba rubutun da bai iya karantawa ba, sai ya tsallako da sifana a hannu. Bayan mun saba ne ya shigar da ni garejinsa, ya yaye wani mayafi, sai ga Chevrolet Chevelle SS 396 ta 1970, ja wur da ita. Ba ta fita sai da bazara, don gishirin da ake watsa wa tituna lokacin dusar ƙanƙara yana cinye ƙarfen mota kamar yadda gara ke cin azara.

Irin waɗannan su ne Amurkawa suka yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji, kuma dabarar da ta haife su ba ta da wuyar fahimta: a ɗauki injin babbar mota mai silinda takwas a cusa shi cikin matsakaicin bodi, a sayar a farashin da saurayi mai aikin yi zai iya biya. Galibi ana danganta farkon abin da Pontiac GTO ta 1964. Kamfanin General Motors yana da ƙa'idar da ta iyakance girman injin da za a sa wa matsakaitan motocinsa, sai John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaye ta, suka ce ai injin mai lita 6.4 zaɓi ne kawai da mai sayen Tempest zai iya nema. Kasuwa ta karɓe ta hannu bibbiyu, sauran kamfanoni suka bi sahu: Dodge da Charger, Plymouth da Road Runner. Zuwa 1970 har an kai ga Chevelle mai injin lita 7.4 da aka ƙiyasta ƙarfinsa da na dawaki 450.

Zamanin bai yi tsawon rai ba. Kamfanonin inshora suka tsauwala wa matasa kuɗi, dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, sannan takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a watan Oktoban 1973 ya haifar da dogayen layuka a gidajen mai. Motar da aka yi alfahari da ita jiya ta koma jidali, aka riƙa sayar da ita a wulaƙance. A irin wannan yanayi ne maƙwabcina ya sayi tasa hannu na biyu.

Yau labari ya juya, kuma masu waɗannan motoci sun kasu gida biyu. Kashi na farko sun ce darajar tsohuwar mota tana cikin asalinta: lambar da aka buga a jikin inji ta dace da ta bodi, fenti ya zama launin da masana'anta ta shafa. Suna da hujjar da ke magana da babbar murya, wato kuɗi. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama a kan dala miliyan 3.5, kuma asalinta aka saya, ba gudunta ba. Kashi na biyu kuwa sun ce mota ba kayan ado ba ce da za a jere a kabet. Su kan bar mata surarta ta da, su cire inji da giya da birki su sa na zamani, har da na'urar sanyaya ɗaki. Duk wanda ya je bikin Woodward Dream Cruise, wanda ake yi a kewayen birnin Ditiroyit ranar Asabar ta uku ga watan Agusta tun daga 1995, zai ga ɓangarorin biyu a titi ɗaya, kowa yana yi wa ɗan'uwansa kallon wanda ya ɓata hanya.

Da farko na ɗauki wannan gardama ta masu abin hannu ce, ba ta shafi ɗalibi mai tsohuwar a-kori-kura ba. Wata ranar damina ta gyara mini tunani. Na ɗauko wa wani abokin karatu kayan ɗakinsa, na ratsa ruwan da ya kwanta a kan kwalta, sai danja ta tsayar da motocin da ke gabana. Na taka birki, motar ta ƙi jin magana. Na sake takawa da duk ƙarfina, ta fizge zuwa hagu, ta tsaya bai fi taƙi ɗaya ba daga bayan wata ƙaramar mota. Akwai yaro a kujerar baya, ya waiwayo yana kallona ta gilashi. Har yau ina ganin fuskar nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk ƙafafunta huɗu birkin da ne, wanda takalman birki ke matse wata tukunyar ƙarfe daga ciki. Idan ruwa ya shiga tukunyar, ko ta yi zafi da yawa, kamun yana raguwa. Birkin faifai kuwa a fili yake, iska na sanyaya shi, juyawarsa na watsar da ruwa. Ford da kanta ta koma wa faifai a ƙafafun gaba na irin wannan mota daga 1973, kuma kayan waɗannan shekarun suna hawa kan tawa ba tare da walda ba.

Na je wa dattijon da maganar ina ɗari-ɗari, don na san ra'ayinsa. Mutumin da ya taɓa yin wata biyu yana neman murfin lagireto na asali ba zai ji daɗin a cire wa mota ƙafafunta ba. Sai ya ce: "Yaro, tawa shaida ce, taka kuwa ma'aikaciya ce. Gobe ka zo da wuri." Asabar biyu muka yi muna aikin. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada in yar da ko noti ɗaya daga abin da muka cire. Muka goge su, muka shafa musu baƙin mai, muka jera a akwatin katako.

A nan ne na tsayar da nawa ra'ayi. Motar da za ta hau titin da 'ya'yan mutane ke bi, ba ta da hurumin riƙe birkin 1971 don kawai mai ita yana son tarihi. A gyara birki, a sa ingantattun tayoyi da ɗamarar kujera, a sauya tsofaffin robobin layin mai waɗanda fetur na yanzu, mai gaurayen sinadarin itanol, yake lalatawa. Amma ban tare da masu gyaran da ba ya da iyaka. Na sha ganin samari sun ninka ƙarfin inji sun bar birki da ƙafafu yadda suke, wanda ganganci ne tsagwaronsa. Na kuma ga waɗanda suka cika tsohuwar mota da kwamfuta har ta rasa abu mafi daraja da take da shi, wato sauƙin ganewa. In ka buɗe bonet ɗin F-100 za ka hango ƙasa ta gefen inji. Ni da ban taɓa riƙe sifana ba, cikin shekara guda na iya wanke kafireta, na iya saita wuta da filogi. Motar da nake hawa yanzu, in fitila ta kama a gabanta, sai na nemi mai na'ura ya faɗa mini abin da ke damunta.

Da na dawo gida sai na fara kallon namu tsofaffin motocin da wani ido daban. Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma a-kori-kurar 404 da 504 ta yi wa kasuwannin ƙauyukanmu hidimar da ba ta misaltuwa. Kanikawanmu gwanayen sauya kayan ciki ne, larura ta koya musu abin da Ba'amurke ke yi don nishaɗi. Ga shi kuma busasshiyar iskarmu ba ta cin bodi kamar gishirin Mishigan, abin da ya sa masu neman tsohuwar a-kori-kura a can suke tafiya har Arizona. Duk da haka, mu ɓangare ɗaya kawai muke da shi na gardamar. Muna aiki da mota har ta durƙushe, sannan a auna ta a kilo a wurin 'yan gwangwan. Ina so in ga ko da 404 ɗaya tak an adana ta yadda ta fito, a wani sashen koyar da aikin injiniya, inda ɗalibai za su buɗe ta su ga yadda aka tsara ta.

Sati guda kafin in baro Amurka na sayar da tawa ga wani saurayi mai aikin kafinta. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga faifan birki ya gyaɗa kai. Da ya hango akwatin katako a baya sai ya tambaye ni ko shara ce in sauke. Dattijon ne ya ba shi amsa daga ƙofar garejinsa, ya ce akwatin da motar tare suke tafiya.