Bayan wuya sai daɗi

Kowane harshe yana da maganganun da ake faɗa wa wanda ya shiga wahala, da waɗanda ake faɗi in wahala ta wuce. Hausa tana da nata. Faransanci da Ingilishi ma suna da nasu. Amma kowa da abin da ya sani yake yin misali.

A Ingila ana yin ruwan sama a kowane wata na shekara. Sau da yawa gajimare yakan rufe rana kwana da kwanaki. Saboda haka mutumin can ba ya murna in ya ga hadari. Ingilishi sukan ce: «Every cloud has a silver lining.» Ma'anarta, kowane baƙin gajimare yana da gefe mai ƙyalli kamar azurfa. Wato ba a rasa ɗan alheri cikin kowace wahala. Faransawa kuma sukan ce: «Après la pluie, le beau temps.» Wato in ruwa ya ɗauke, gari zai yi kyau.

In aka faɗa wa manomin Mayahi ko na Tasawa wannan magana, sai ya yi mamaki. A jahar Maraɗi damana wata uku ce zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Ran da baƙin hadari ya taso daga gabas, ran nan kowa yake fara'a, don gobe za a fita shuka. A ƙasar Hausa rana da zafi su ne wuya, sanyi kuwa shi ne sauƙi. Shi ya sa in damuwa ta wuce akan ce: «Raina ya yi sanyi.»

Akwai kuma inda harsuna suke haɗuwa. In dole ta sa mutum ya jure abu mai ciwo, Ingilishi sukan ce: «Bite the bullet», wato ya ciji harsashi. Bahaushe ba ya ambaton harsashi. Cewa yake: «Cije ka daure.» In wuyar ta wuce, Ingilishi sukan ce: «A weight off my shoulders», wato an ɗauke masa nauyi daga kafaɗa. Bahaushe kuwa bisa kai yake ɗaukar kaya. Duk yarinyar da ta taɓa ɗauko tulu daga rijiya mai nisa ta san daɗin da ake ji in an kama an sauke. Don haka akan ce: «Ka sauke mini kaya.»

Babban karin magana a kan jure wahala shi ne: «Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.» Ba wanda ya taɓa dafa dutse, amma mutanen karkara sun san wani abu mai kama da haka. A shekarun yunwa, kamar 1973, 1984 da 2005, rumbuna sun ƙare tun hatsi bai nuna ba. Mata da yara suka shiga daji suna tsinko ƴaƴan anza, waɗanda ake kira dilo. Dilo yana da ɗaci ƙwarai, ba ya ciwuwa haka nan. Sai an jiƙa shi kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Wanda ya yi gaggawa, cikinsa ne zai gaya masa.

Wannan ya nuna haƙuri ba zaman banza ba ne. Bayan farin 1984, manoma da yawa a jahar Maraɗi sun daina sare duk tohon itacen da ya fito a gonakinsu. Sukan zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi, su sassabe sauran, su bar su su girma. Ana kiran wannan aiki sassaben zamani. Shekara da shekaru suna jira. Da itatuwa suka girma, sai suka tare iska, suka ba da itacen wuta da abincin bisashe. Gawo kuwa yakan zubar da ganyensa da damana, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Gaskiyar masu iya magana: «Mahaƙurci mawadaci.»

Tambayoyi

1. Don me Ingilishi suke kwatanta wahala da gajimare?
2. Mene ne abin murna ga manomin Mayahi?
3. Yaya ake fid da ɗacin dilo?
4. Mene ne sassaben zamani?

Aiki

Ku tambayi kakanninku karin magana uku a kan haƙuri. Ku rubuta su da Hausa, ku kawo aji gobe.